Gyaran harafi ɗaya a GitHub: taimako ne ko ƙara wa mutane aiki?

Wai idan mutum ya shiga GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya ga an rubuta wata kalma ba daidai ba a takardun bayanin wata manhaja, ya gyara ya tura wa masu ita, abin kirki ya yi ko takura musu ya yi? Tambayar nan ta ƙi mutuwa a tsakanin masu koyon rubuta manhaja, duk watan Oktoba sai ta sake tashi, kuma dalili shi ne amsa biyu ake ba yaran nan, kowacce daga bakin manya take fitowa. A ajin koyo malami zai ce maka je ka nemi ɗan kuskuren rubutu ka gyara, ai ta nan kowa ya fara. Ka je ka yi da zuciya ɗaya, washegari ka tarar an rufe gyaran naka an manna masa tambarin shara ko sannu babu, wani wurin ma a toshe ka gaba ɗaya. To wa ke da gaskiya, malamin ko wanda ya rufe?

Su waye masu manhajar, kuma wace takarda ake magana?

Maganar a kan buɗaɗɗiyar manhaja ake yi, wato wadda aka baje kod ɗinta, rubutun umarnin da aka gina ta da shi, a fili, kowa zai iya karantawa, ya kwafa, ya canza, ya raba wa wasu gwargwadon sharaɗin lasisinta. Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 irinta ce, haka Python, Firefox, VLC da WordPress, kai hatta Android ɗin da ke hannunka a kan Linux aka gina shi. Yawancin irin waɗannan ayyuka a yau a GitHub suke zaune, shafin da aka buɗe a 2008 kuma Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5.

Takardun bayani kuma su ne rubutun da ke raka manhajar: yadda za ka girka ta, yadda za ka yi amfani da ita, misalan umarni da za ka kwafa ka liƙa. Na farko da ido ke faɗawa kai shi ne fayil ɗin README, wanda yake bayyana da ka buɗe rumbun manhajar, wato ma'ajiyar fayilolinta a GitHub. Kuma kar a raina wannan ɓangare. A binciken da GitHub ta yi a 2017, kashi 93 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun ce suna cin karo da bayanin da bai cika ba ko wanda ya tsufa, amma kashi 60 na masu ba da gudummawa sun ce da ƙyar suke taɓa rubutun bayanin ko ma ba sa taɓawa sam. Wato kowa na kuka da shi, kowa na gudunsa. Saboda haka malamin da ya tura ka can ba ƙarya ya yi ba, akwai aiki jibge.

Abin da malamin bai faɗa maka ba shi ne wanda ke zaune a ɗaya gefen. Mutane suna ɗauka wani katon kamfani ne da ma'aikata reras suna jiran saƙo. Wasu ayyukan haka ne, amma da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, ba albashi, sai ya taso daga aikin da yake ci da iyali da shi sannan ya buɗe kwamfuta da daddare ya ga abin da ya taru.

Hanyar da harafi ɗaya yake bi kafin ya shiga

A gefenka abin ba wuya. Ka danna ɗan fensirin nan da ke saman fayil ɗin, GitHub ya yi maka kwafin rumbun a asusunka, ka goge harafin ka sa daidai, ka tura buƙatar a karɓi gyaran, abin da 'yan harkar suke kira PR. Ko shayinka bai huce ba ka gama.

A gefensa kuma saƙo ne zai shigo masa, da shi da duk wanda ke bibiyar rumbun. Sai ya buɗe, ya karanta, ya tabbatar gyaran gyara ne ba ɓarna ba, don sau da yawa abin da baƙo ya ɗauka kuskure ne ba kuskure ba ne, rubutun Ingilishin Birtaniya ne aka mayar na Amurka, ko wata kalma ce ta fasaha da bai sani ba. A manyan ayyuka kowane PR yana tayar da injinan gwaji su yi ta juyawa, wani wurin mintuna wani wurin fiye da awa, kuma wani ne ke biyan kuɗin. Wasu ayyukan kamar Python sai ka sa hannu a yarjejeniyar ba da gudummawa kafin a karɓa. A Linux ma ba ta GitHub ake turawa ba, ta imel ake aika gyara zuwa ga mai kula da wannan sashen, da layin sa hannunka a ƙasa, in ka saɓa tsarin a dawo maka da shi.

Akwai kuma wata wahala da mai gyara ba ya gani. Idan kalmar da ka gyara tana cikin saƙonnin da manhajar ke nuna wa mai amfani, a tsarin fassara irin gettext jimlar Ingilishin ita ce makullin da ake nemo fassararta da shi, to da ka canza harafi ɗaya sai fassarar Larabci da Faransanci da duk sauran harsunan su daina dacewa, a yi musu alamar a sake dubawa, kafin nan kuma masu amfani su ga Ingilishi tsirara a wurin. Idan kuma wani yana tsakiyar babban aiki a kan wannan layin, gyaranka zai yi karo da nasa sai ya tsaya ya warware.

Kamar ka kai wa tela maɓalli ɗaya ya ɗinka maka ne ana jajibirin sallah. Aikin ba komai ba ne, shi ma ya san ba komai ba ne, amma sai ya ajiye na mutane, ya canza zare, ya saurare ka, kuma kai ne na ashirin da ya shigo da maɓalli yau.

Ba duk kuskure ne ɗaya ba

Nan ne nake ganin muhawarar take ɓata, ana zuba komai a kwando ɗaya a kira shi ƙaramin gyara. Harafin da ya faɗi a tsakiyar dogon bayani, wanda duk mai karatu ya gane abin da ake nufi ya wuce, daban yake da harafin da ya faɗi a cikin umarnin da mutane za su kwafa su liƙa a taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni.

A 2011 akwai wata manhaja mai suna Bumblebee, ta masu laftof mai katin hoto na Nvidia da ke amfani da Linux. A fayil ɗin girka ta an so a rubuta umarnin goge wata 'yar jaka can ciki, sai aka rubuta haka: rm -rf /usr /lib/nvidia-current/xorg/xorg. Ka lura da 'yar tazarar nan bayan /usr? Bai kamata ta kasance ba. Saboda ita kwamfuta ta fahimci an ce ta goge jakar /usr dungurungum, inda kusan duk manhajojin tsarin suke zaune, kuma ta goge ɗin. Wannan a cikin kod ya faru, amma irin wannan umarnin ne cike da takardun bayani, kuma sabon shiga ba ya karantawa, kwafa yake ya danna. Wanda ya gano irin wannan ya gyara, ko da tazara ɗaya ya cire, ba mai hankalin da zai ce masa ya ɓata lokaci. Haka sunan zaɓi da aka rubuta ba daidai ba, ko adireshin da ya mutu, ko misalin da ya daina aiki tun sigar da ta wuce.

Sai kuma kuskuren da kowa ya san kuskure ne amma taɓa shi haramun ne. A ƙa'idar HTTP da burauza ke magana da shafuka da ita, akwai kalmar Referer, wadda daidai rubutunta da r biyu ne a tsakiya. An buga ta haka a takardar RFC 1945 a 1996, duniya ta yi gini a kai, yau in ka gyara ta sai abubuwa su karye, don haka tana nan daram. Haka creat, sunan umarnin ƙirƙirar fayil a tsarin sarrafa kwamfuta na Unix, ba e a ƙarshe. An taɓa tambayar Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Unix, me zai canza da zai sake gina Unix, ya ce zai sa wa creat e ɗinta. Sabon shiga da ya saki injin duba rubutu a kan rumbu zai ga ire-iren waɗannan an ja musu jan layi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa yana jin ya yi bajinta.

Kuma kar a ce masu Linux ba sa son ƙaramin gyara. A 2014 wata yarinya 'yar shekara 4 ta hango wani kanun rubutu a takardun Linux, duk haruffan an ja musu layi a ƙasa ban da s na ƙarshe, ta ce harafin yana baƙin ciki don shi kaɗai aka bari, wani babba a danginta ya taya ta tura gyaran, aka karɓa, yana nan cikin tarihin Linux. Colin Ian King kuma, injiniya ne da ya daɗe a harkar, ya yi suna wajen bin kura-kuran rubutu a saƙonnin Linux yana gyarawa shekara da shekaru, ba wanda ya kore shi. Har jerin kalmomin da aka saba kuskurewa suke da shi a fayil ɗin spelling.txt, wanda injin duba gyara ke amfani da shi.

Ranar da aka sa lada a kan ƙirge

To in haka ne daga ina ƙyamar ta fito? Daga ranar da aka fara biyan mutane bisa yawan PR ba bisa amfaninsa ba.

Kamfanin DigitalOcean ya fara wani shiri a 2014 mai suna Hacktoberfest, duk Oktoba, ka tura PR 4 a ba ka riga kyauta. Niyya mai kyau ce, a jawo sabbin hannu. A 2020 abin ya ƙwace. Tun kafin watan ya kama sosai rumbuna suka cika da shirme, wannan ya ƙara aya, wancan ya cire tazara, da yawa kuma suka riƙa liƙa wa kanun README 'yar jimla wai aiki ne mai ban mamaki, bayan wani bidiyo a YouTube ya nuna wa ɗimbin mabiyansa yadda za su samu rigar a sauƙaƙe. Domenic Denicola, ɗaya daga cikin masu kula da ƙa'idar HTML, ya yi rubutu mai zafi yana kwatanta shirin da harin cunkoso, irin wanda ake yi wa shafi ruwan saƙonni har ya kasa aiki, da kamfani ya ɗauki nauyi a kan masu kula da manhajoji. Cikin 'yan kwanaki DigitalOcean ta canza doka: sai rumbun da ya ce yana so za a ƙirga, kuma sai an amince da gyaran. A 2023 ma aka ajiye rigar aka koma kyautar dijital da dasa bishiya.

A Fabrairun 2024 Express, manhajar gina shafukan intanet wadda masu rubutu da yaren JavaScript suka sani sosai, ta sha irin wannan. Wani darasin YouTube na koyon Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren kod, ya yi misali da rumbunta, ɗalibai suka yi ta zuwa suna rubuta sunayensu a README suna turawa. Yawancinsu ba mugunta ba ce, abin da suka gani a allo suka kwaikwaya, ba su ma san saƙon yana isa wurin mutane na gaske ba.

Ba yara kaɗai ba ne kuma. A Yunin 2021 Qu Wenruo, mai aiki a kan tsarin fayil na Btrfs a Linux, ya rubuta wa masu turo gyara daga Huawei cewa su daina cinye lokacin masu kula da ƙananan gyare-gyaren da ake yi don cika ma'aunin aiki na ofis. An yi ta jayayya ko zargin ya yi daidai, don kamfanin yana da manyan gudummawa ma, amma ƙorafin iri ɗaya ne da na rigar.

Na baya-bayan nan shi ne kirifto, kuma wannan ba sai an yi wa matasanmu dogon bayani ba, duk wanda ya ga yadda aka yi ta dannar waya a zamanin Notcoin da Hamster Kombat ya san yanayin. A Fabrairun 2024 Starknet, wata hanyar hada-hadar kirifto, ta raba kwabbanta kyauta, ta sa masu ba da gudummawa a GitHub cikin masu rabo, sai labari ya bazu cewa wani ya samu kaso mai tsoka saboda kalma ɗaya da ya taɓa gyarawa. Shi kenan. Mafarauta suka bazama rumbunan ayyukan kirifto suna neman harafin da ya karkace, ko Allah zai sa sunansu ya shiga jerin rabo na gaba, har wasu ayyukan suka rubuta ƙarara cewa sun daina karɓar PR na gyaran rubutu zalla. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ƙara sauƙaƙa abin, mutum zai iya haɗa gyara goma bai karanta ko layi ɗaya ba. Daniel Stenberg mai curl, manhajar aikawa da sauko da bayanai ta intanet, ya daɗe yana kuka da rahotannin bogi da inji ya rubuta, duk da nasa ya fi shafar rahoton matsalar tsaro.

Wani lungu da ba a cika faɗa ba

A 2021 GitHub ta sa dokar cewa wanda bai taɓa ba da gudummawa a rumbu ba, injinan gwaji ba za su tashi a kan PR ɗinsa ba sai mai kula ya amince, saboda wasu suna fakewa da PR suna haƙar kirifto da kwamfutocin GitHub. To a tsarin da aka saba, da zarar an karɓi gyaranka sau ɗaya ka fita daga sahun baƙi. Ka ga ke nan harafi ɗaya zai iya zama tikitin shiga, kuma masu kula da suka san haka dole su kalli baƙon da ya zo da waƙafi da ido biyu. Bayan abin da ya faru da xz, manhajar matse fayil da ake amfani da ita a Linux, a Maris 2024, inda wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimako har aka yarda da shi sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, sai da wani injiniya Andres Freund ya lura da wani ɗan jinkiri ya bi diddigi, zargi ya ƙaru a ko'ina. Ba wai ana cewa mai gyaran rubutu ɓarawo ba ne, amma wanda ya rufe maka PR bai san ka ba, suna kawai ya gani da asusun da aka buɗe makon jiya.

Me kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya suna cewa PR na farko ba don harafin ake yi ba, don a koyi hanya ne, yadda ake kwafar rumbu, a buɗe reshe, wato keɓaɓɓen wurin yin gyara, a rubuta bayanin gyara, a karɓi suka ba tare da fushi ba, kuma gara a koya a kan abin da in an yi kuskure ba zai rushe komai ba. Suna ƙarawa da cewa rubutu mai kura-kurai yana zubar da mutuncin manhaja, kuma wanda aka yi wa maraba a kan harafi yau shi ne zai iya zama mai kula gobe. Django, wata manhajar gina shafukan intanet, alal misali ta faɗa a ƙa'idarta cewa ƙaramin gyara irin canza kalma a takardun bayani ba ya buƙatar a fara shigar da rahoton matsala, ka turo kawai.

Masu adawa kuma suna cewa in koyo kake so ga rumbunan da aka buɗe musamman don gwaji, ko ka buɗe naka ka yi wasa da abokinka, me ya sa sai a kan lokacin wani? Kubernetes, wata babbar buɗaɗɗiyar manhaja, ta tsaya a tsakiya, ƙa'idarta ta ce in ka ga kuskure ɗaya a fayil to da wuya a ce shi kaɗai ne, ka karanta fayil ɗin duka ka haɗo su a PR guda, kar ka yayyanka su.

Ni dai a ganina duka biyun suna kewaye abu ɗaya ba su taɓa shi ba, wato ta yaya aka yi ka ga kuskuren. Wanda yake amfani da manhajar, yana bin bayanin layi-layi yana gwadawa har ya yi tuntuɓe, gyaransa kusan kullum mai amfani ne, don ya san inda ya faɗi kuma zai iya faɗin me ya faru. Wanda ya shigo farauta, bai taɓa girka manhajar ba, bai san me take yi ba, shi ne yake gyara Referer. Kuma masu kula suna gane bambancin tun daga layin farko na bayanin PR ɗin. Sai dai su ma suna da nasu laifin, wanda ba ya son irin wannan gyara ya rubuta a fayil ɗin CONTRIBUTING mana, inda ake jera dokokin ba da gudummawa, ya sa inji irin codespell ya riƙa kama kura-kuran da kansa, ya fi a bar ƙofa buɗe sannan a riƙa yi wa duk wanda ya leƙo tsawa.

Mu kuma ina abin ya shafe mu?

Rahoton GitHub na 2024 ya nuna masu asusu daga Najeriya sun haura miliyan ɗaya, ga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT na gwamnatin tarayya da sauran wuraren koyo suna ta yaye matasa, kuma kusan kowa an faɗa masa ya cika shafinsa da korayen akwatunan nan da GitHub ke nuna yawan aikin mutum da su, don masu ɗaukar aiki su gani. Matsalar ita ce mai ɗaukar aikin da ya san abin da yake yi ba launi yake kallo ba, dannawa yake ya shiga, in ya tarar PR talatin duk waƙafi da aya ne, rabinsu an rufe da tambarin shara, to gara ma da bai gani ba. Akwai kuma illar da ke shafar wanda bai ji ba bai gani ba, don bayan 2020 da abin Express an yi ta yi wa masu rubuta manhaja na Indiya kuɗin goro a intanet, har da ƙwararrun da ba ruwansu, kuma mu da muke fama da namu tabon a intanet ba ma buƙatar ƙari.

Wanda yake son farawa da takardun bayani, hanyar a buɗe take. Ya ɗauki manhajar da yake amfani da ita da gaske, ya karanta CONTRIBUTING tukuna, ya leƙa PR ɗin da aka rufe kwanan nan ya ga yadda ake karɓar irin nasa, ya duba ko wani ya riga shi, sannan ya bi umarnin girkawa daga farko a kan kwamfutarsa. Inda ya maƙale, nan ne aikin yake. Sau da yawa ma abin da zai gano ya fi harafi, zai ga matakin da aka tsallake don marubucin yana ganin kowa ya sani, ko umarnin da ke aiki a Mac ya ƙi a Windows, ko wani katon saukarwa da ba a yi gargaɗi a kai ba wanda zai cinye wa mai ƙaramar data kuɗinsa, abin da wanda ke zaune a Jamus da intanet mara iyaka ba zai taɓa lura da shi ba.

Akwai kuma fagen da ba mu da abokin takara a cikinsa. Saƙonnin MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kai, a translatewiki ake fassara su kuma Hausa tana ciki, haka Common Voice na Mozilla yana tattara jimloli da muryoyin Hausa. A irin waɗannan wurare za ka ga an rubuta k inda ya kamata ƙ, d a wurin ɗ, ko fassarar da inji ya yi wadda ba Bahaushen da zai furta ta, kuma mai kula da ke can Turai ko ya zura wa rubutun ido shekara guda ba zai gane akwai matsala ba, codespell ma bai san da zamanta ba. Layin masu jiran a duba nasu a can gajere ne, a wasu sassan ma masu dubawar ake nema.